Ikko ko Fatakwal

Tudun Wada, Zariya
21 ga Mayu, 1956

Zuwa ga aminina Linus Onuora,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kai da Gladys da yara kuna lafiya kamar yadda muke nan. Azumi ya wuce, an yi salla lafiya, sai dai har yau ba mu saba da rashin mai leƙowa ta katanga yana tambayar rabonsa na tuwon salla ba. Shekara uku ke nan da tashinku, amma mai ɗakina Zinatu in ta zo rabon abinci sai ta jawo kwanon gidanku, sannan ta tuna.

Bayan haka, shawara nake nema. Ƙarshen watan Yuli zan ajiye aikin reluwe, shekara talatin da ɗaya ina akawu a tashar Zariya. Kafin nan an ba ni hutun wata guda, da fas na mutum biyu a taragon manya, zuwa duk inda dogo ya kai. Da son raina ne, a zaure zan shimfiɗa buzu in cinye hutuna. To amma Zinatu ta ce tun tana amarya take jin kukan jirgi yana gangarawa kudu, ita kuwa ko Kaduna ba ta taɓa wucewa ba, tana so ta ga teku da idonta. Ka san ta, ba mai roƙo ba ce. Ban iya tuna ranar da ta taɓa cewa in yi mata wani abu ba.

Ka fi ni sanin cewa dogo ya rabu biyu a Kaduna. Masu zuwa Ikko suna ba da labarin benaye, da manyan kantuna, da titin bakin ruwa inda jiragen Ingila ke tsayawa kamar a ƙofar gidan mutum. Masu zuwa Fatakwal kuma sun ce gari ne na furanni, tituna a miƙe, babu hayaniya. Na tambaye ta wanne ta fi so, ta ce duk wanda na zaɓa.

Kwanan baya ƙafafunta sun kumbura. Ta je asibitin mata, ta dawo ta ce likita ta ce gajiya ce, ta riƙa hutawa. Saboda haka na fi karkata ga inda babu hayaniya. Kai me ka gani?

Ka gai da Gladys da kyau. Haza wassalam.

Ni ne naka,
Dalhatu


Fatakwal
30 ga Mayu, 1956

Malam Dalhatu, maƙwabcina,

Ina gaisuwa. Takardarka ta iso, Gladys ta sa na karanta mata har sau biyu, da na zo wurin kwano sai ta tashi ta shiga ɗaki. Muna lafiya, sai ruwan sama da ba ya jin magana.

Gidana gidanka ne, wannan ba sai na faɗa ba. In kun zo, ɗakin ɗana Ejike yana nan a share, kaza kuma kai za ka yanka da hannunka kamar yadda muka saba. Amma tun da shawara ka nema, bari in ba ka ta gaskiya. Fatakwal tana da kyau, furannin ma ba ƙarya aka yi maka ba. Sai dai babu teku a nan. Abin da muke da shi kogi ne mai faɗi da laka da itatuwa a cikin ruwa. Teku na ainihi sai an shiga jirgin ruwa an yi tafiyar wuni. In ka kawo Inna Zinatu nan ka nuna mata wannan ka ce teku ne, ni ba zan tsaya maka shaida ba. A Ikko kuwa mutum zai tsaya a kan rairayi ya duba har idonsa ya gaji, bai ga ɗaya gefen ba.

Malam, mun yi shekara ashirin da biyu katanga ɗaya, bari in faɗi abin da ka ƙi rubutawa. Ba hayaniya kake gudu a Ikko ba, ɗanka Junaidu kake gudu. Ina nan tsaye ranar da ka rantse ba zai ƙara taka gidanka ba sai da littattafan mahaifinka a hannunsa. Na san abin da ciwo. Rubutun hannun mahaifin naka ne, kai kuma ka ba yaron amanar akwatin. Amma shekararsa goma sha tara a lokacin. Baturen makarantarsu ya ce a ara masa ya ɗauki hotonsu, yaro ya yarda da malaminsa, Bature ya tafi hutu ƙasarsu da su bai komo ba. Yanzu shekara bakwai. Yaron ya zama tafinta a ofishin gwamnati, ya yi aure, yana da 'ya, duk ba ka gani ba. Yakan rubuto mini, kuma bai taɓa rufe takarda ba sai ya tambayi lafiyarka.

Da ta ce maka duk wanda ka zaɓa, ka dubi fuskarta kuwa?

In na yi shisshigi ka yafe mini, tsufa ne. Ka gai da Inna.

Maƙwabcinka,
Linus Onuora


Tudun Wada, Zariya
6 ga Yuni, 1956

Zuwa ga Linus Onuora,

Bayan gaisuwa, na ga takardarka, na gode. Shawarar gari na nema, ba ta gida ba.

Fatakwal za mu zo. An riga an rubuta fas. Za mu taso ranar Laraba ashirin ga wata, mu iso ranar Jumma'a in Allah ya so. In kogi ne kuke da shi, kogin za ta gani. Na gaya mata, ta ce to, Allah ya kai mu.

Maganar da ka ɗauko kuma, rantsuwa na yi da sunan Allah a gaban mutane, ba wasa na yi ba. Ina roƙonka, in mun zo kada a tayar da ita.

Wassalam.
Dalhatu


Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Takarda ta fito daga hannun Zinatu 'yar Malam Nagoda, zuwa ga ɗana da ke Obalande a Ikko. Gaisuwa da sa albarka, gare ka da Ishatu matarka da 'yar jikata Maijidda.

Na rubuta da ajami don na san ba ka manta karatun da na koya maka a tsakar gida ba. Hajo maƙwabciyarmu ce za ta jefa a gidan waya. Kada ka ba da amsa ta gidan nan.

Ka buɗe kunnenka. Ba ni da lafiya, kuma ba gajiya ba ce kamar yadda na gaya wa mahaifinka. Likita ta ce zuciyata ce ta kasa, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafafuna. Na ce ta gaya mini gaskiya, ni ba yarinya ba ce. Ta ce watanni ne, in Allah ya yi jinkiri. Ta ce kada in yi doguwar tafiya. Ban gaya masa ba, don in ya ji ko ƙofar zaure ba zai bari in taka ba.

Maganar teku da na ɗauko, ni ba ruwa nake son gani ba. Na yi zaton in na ce teku zai ce Ikko, tun da kowa ya san can yake. Na kwana bakwai ina addu'a a kan haka, sai ya shigo ya ce Fatakwal. Ban ce masa komai ba. Mutum ne da in ka tura shi gabas sai ya kafe, shekara talatin na san wannan. Amma kada ka zarge shi. Har yau bai bari kowa ya kwana a ɗakinka ba, ko baƙi aka yi sai dai a shimfiɗa musu a zaure.

Ga abin da nake so. Rantsuwarsa a kan gidansa ya yi ta, bai rantse a kan gidan Baba Onuora ba. Za mu isa Fatakwal ranar Jumma'a ashirin da biyu ga watan Yuni. Ka nemi izini wurin aiki ka same mu a can. In ya gan ka zai ɓata rai, zai yiwu ya fita ya bar ɗakin. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka yi shiru, sauran ka bar mini. Kada ka wahalar da Ishatu da yarinya a wannan damina, kai kaɗai ka zo. Na ɗinka wa Maijidda riga, ban san tsawonta ba, na dai kwatanta da 'yar Hajo. Na haɗa muku kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya.

Ban taɓa ɓoye wa mahaifinka komai ba sai wannan karo. Allah ya yafe mini. Ina so in gan ka, shi ke nan.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare hanya. Wassalam.


Obalande, Ikko
14 ga Yuni, 1956

Baba Onuora,

Ina gaisuwa da ladabi, ina gai da Mama Gladys.

Inna ta rubuto mini in same su a gidanka. An ba ni kwana goma a ofis. Hanyar mota ta lalace saboda ruwa, don haka na sami wuri a jirgin ruwa da zai tashi ranar Talata sha tara ga wata, ya iso Fatakwal ranar Jumma'a, rana ɗaya da su. Don Allah kada Baba ya ji kafin in iso.

Tun da takardarta ta zo ban iya cin abinci sosai ba. Akwai abin da ta faɗa a ciki wanda ba ni da izinin faɗa. Ka sa a gyara mata wurin kwana a inda babu hawa.

Ban san abin da zan ce masa ba. Na shirya magana ta fi sau ashirin, duk na watsar.

Ɗanka,
Junaidu


Obalande, Ikko
1 ga Yuli, 1956

Linus,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wayar da na buga maka ta gaya maka abin da ya faru, amma ba ta gaya maka yadda ya faru ba. Ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Kwana huɗu kafin mu taso na shiga ɗakinta tana haɗa kaya. Na ga ƙullin kuka da daddawa, na ga wata 'yar riga ta yarinya mai aiki a wuya. Da ta ji motsina sai ta tura ta ƙarƙashin zane. Na fito kamar ban gani ba. Na san babu ƙaramar yarinya a gidanka. Na ce a raina, wato so take ta roƙe ka a ɓoye ka aika wa jikarta, don ni na hana ta hanya. Na zauna a zaure har aka kira la'asar ban sani ba. Washegari na je ofis na sa aka sake fas, aka rubuta Ikko. Na karɓi kwatancen gidan Junaidu wurin Salmanu gadin jirgi.

Ban gaya mata ba, ban rubuta wa yaron ba, kai ma sai a Kaduna na buga maka waya. Za ka tambaye ni dalili. Kunya ce, Linus, da girman kai. Ban so a ce Dalhatu ya sauko ba. Na so abin ya zama kamar hanya ce ta biyo da mu.

Ita ba ta san dogo ba, ba ta lura da inda muka bi a Kaduna ba. Sai da muka kusa Minna na fito da fas na ajiye mata a cinya, ina jin kaina kamar wanda ya yi abin kirki. Na ce, “Karanta mana, ko boko ya gagare ki?”

Ta ce, “Ka san ya gagare ni. Me aka rubuta?”

Na ce, “Ikko. Ki kai wa yarinyar rigarta da hannunki.”

Ta dube ni, ta dubi takardar. Na zaci murna ce ta hana ta magana. Sai ta ce, “Malam, yau wace rana?”

Na ce Laraba.

Ta ce, “To, ya riga ya tafi.” Ta rufe fuska da mayafi.

A nan ta gaya mini cewa ta tura yaron wurinka. Na ce mu sauka a Minna mu koma. Na lissafa jiragen, na ga ba za mu sami na Fatakwal ba sai bayan kwana biyu, ga shi numfashinta ya fara nauyi. Ta ce mu wuce kawai, ai in ya ji zai juyo, kafin nan ta ga yarinya.

Mun iso ranar Jumma'a da hantsi. Ishatu ce ta buɗe ƙofa. Ba ta taɓa ganinmu ba, amma da ta dubi Zinatu sai ta zube ƙasa tana kuka, ta ce kamar mijinta ne ya ɗaura zane. Yarinyar kirki ce. Rigar ta yi wa Maijidda yawa, har ƙasa take ja, amma ta ƙi a cire mata.

Ranar Lahadi na ɗauki mota muka je bakin teku. Gaskiyarka, ba a ganin ɗaya gefen. Muka riƙe ta ni da Ishatu har inda rairayi ya jiƙe. Ta sa aka cire mata takalmi, ruwa ya zo ya taɓa ƙafarta ya koma. Ta lakata da yatsa ta ɗanɗana, ta ce, “Ashe da gaske gishiri ne.” Sannan ta tambaye ni ta ina Fatakwal take. Na nuna mata hannun hagu. Can ta yi ta kallo har muka tashi. Benayen da kantunan da nake ba ka labari, ko ɗaya ba ta ɗaga kai ta duba ba.

Ranar Litinin ta kasa tashi. Likitan da aka kira ya fito da ni waje ya tambaye ni wa ya bari matar nan ta hau jirgi. A bakinsa na fara jin ciwon da ke jikin matata. Na koma ciki na ce, “Don me kika ɓoye mini?” Ta ce, “Da za ka bar ni in zo?”

Duk motar da ta tsaya a titi sai ta buɗe ido. Ka san yaron ɗan fari ne, tun da ta haife shi ban taɓa jin ta kama sunansa ba. Ranar Talata bayan azahar ta ce, “Junaidu bai iso ba?” Na ce yana hanya. Ta ce, “Ka gaya masa ban yi fushi ba. Kai ma ban yi ba.” Ta yi kalmar shahada. Kafin la'asar ta cika. Mutanen unguwa suka yi mana komai, aka kai ta kafin magariba.

Junaidu ya iso ranar Laraba da hantsi, laka har gwiwa. Ka san yadda ka sa shi a babbar mota tun ranar Jumma'ar da ya sauka. Ya ce sun kwana biyu a Anaca suna jiran jirgin fito, sannan gada ta karye kafin Binin, ya yi tafiyar wuni guda a ƙasa. Ya gan ni a ƙofar gida a kan tabarma da mutane. Ya durƙusa ya ce, “Baba, sannu da zuwa.” Ya dubi mutanen, ya dubi takalman mata a bakin ƙofa. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce wa wani maƙwabcinsa ya nuna masa kabarin.

Tun ranar shi yake kawo mini ruwan alwala, shi yake ajiye mini abinci. Yana gaishe ni safe da yamma. Bayan gaisuwa ba ya ƙara kalma, ni kuma na rasa ta inda zan fara. Da na aika masa kati ɗaya na kwabo, da ya tarye mu a tasha.

Jibi zan koma Zariya. Ka yi mata addu'a yadda kuka saba. Ka gaya wa Gladys a hankali.

Dalhatu


Tudun Wada, Zariya
9 ga Yuli, 1956

Zuwa ga ɗana Junaidu,

Gaisuwa da sa albarka. Na iso lafiya. Ina fata kai da Ishatu da Maijidda kuna lafiya, da ƙarin haƙuri.

A tashar Ikko ka ɗora mini akwati, ka tsaya a bakin taga har jirgi ya motsa. Na buɗe baki sau uku. Abin da na kasa faɗa ke nan nake rubutawa.

Jiya na kira Liman da mutanen da suka ji rantsuwata, waɗanda suka rage a raye. Na gaya musu na warware ta, na ciyar da miskinai goma a gabansu. Liman ya ce ai tun shekarar farko ya gaya mini haka ya fi. Gaskiya ne, ya gaya mini. Mahaifiyarka ma ta san hukuncin, 'yar malamai ce, amma ba ta taɓa tuna mini ba, tana jira in tuna da kaina.

Kuskure ka yi kana yaro, ni kuwa na yi nawa da furfura a kaina. Na raba ka da ita shekara bakwai, sannan na raba ku a kwana biyar ɗin da suka rage mata. Ban ce ba ƙaddara ba ce, ƙaddara ce. Amma na san hannun da ta biyo ta kansa. Ina roƙonka gafara.

Ta bar maka saƙo, nauyinsa ya hana ni faɗa maka a can. Ta ce in gaya maka ba ta yi fushi ba. Ta kira sunanka da bakinta.

Babbar salla saura kwana goma. Na sayi rago. Gidan ya yi mini faɗi, Hajo ce ke aiko mini da abinci. In za ka iya, ka zo da iyalinka. In ba za ka iya ba, ba zan ga laifinka ba.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Dalhatu


Obalande, Ikko
15 ga Yuli, 1956

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Takardarka ta iso jiya.

Na yafe maka, duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini.

Amma ba zan iya zuwa wannan salla ba. Na je tasha da niyyar yankan tikiti, na tsaya a layi, da aka zo kaina sai na juyo. Ban iya shiga tsakar gidan nan in tarar ba ta ciki ba. Ban san yaushe zan iya ba, kuma ba na so in yi maka alkawarin da zan saɓa.

Ka yanka ragon, ka ba Inna Hajo cinya. Ka riƙa cin abinci.

Ishatu tana gaishe ka. Maijidda tana tambaya ina tsohon da ke zama a ƙofa ya tafi.

Ka riƙa rubutowa, Baba. Zan riƙa ba da amsa.

Ɗanka,
Junaidu